IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

Jawabi ga direbobi da masu motocin sufuri da makanikai a Tudun Wada, Minna, game da kukan akwatin giya na motocin kaya masu canja giya da kansu



Garin nan na Minna gari ne wanda sufuri ya raina. Hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Baro, wadda ta isa Kano cikin 1911, ta nan ta ratsa, a nan ne kuma ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja cikin 1976 aka mai da Minna babban birninta, sai zirga-zirgar motoci ta ƙaru. Yau ga hanyar Suleja ta Paiko da Lambata, ga ta Bida ta Kataeregi, ga kuma ta Kontagora ta Zungeru da Tegina, dare da rana ba su rabuwa da motocin kaya. Saboda haka maganar da za mu yi yau ta shafi abincin mutane da yawa, ta kuma shafi rayukansu.

Dattawan da ke cikinmu sun koyi tuƙi ne da Bedford, ko Marsandi 911 da aka riƙa haɗawa a Inugu, ko Steyr ta Bauchi. Waɗannan duka motoci ne masu kuloci da giyar hannu, direba kuwa ya san muryarsu kamar yadda ya san muryar 'ya'yansa. To, zamani ya juya. Yanzu a-kori-kura da yawa, da wasu bas-bas da manyan motoci da ake shigo da su daga Amurka da Turai da Japan, su ke canja giya da kansu, watau abin da ake kira otomatik. Direba ya sami sauƙin ƙafa, amma kunnensa bai saba da sabon kukan ba. Wani ya ji kuka ya ƙyale, har motar ta mace masa a daji. Wani kuma ya ji ƙarar da ba ta giya ba ce, ya sa a sauke akwatin giya mai lafiya, ya yi asarar kuɗinsa a banza. Abin da nake so mu tashi da shi daga nan shi ne, akwatin giya ba ya cika mutuwa farat ɗaya. Yakan yi kuka tukuna, kuma kowane kuka da ma'anarsa.

YADDA AKWATIN YAKE AIKI

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bajamushe mai suna Hermann Föttinger ne ya ƙago hanyar tura ƙarfin inji ta cikin ruwa, cikin 1905, domin jiragen ruwa. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da akwatin Hydra-Matic cikin 1939, daga baya kamfanin Allison ya yi suna wajen ƙera irinsa domin manyan motoci.

Abubuwa huɗu ya kamata direba ya sani a cikinsa. Na farko, a wurin da kuloci yake a tsohuwar mota, akwai wani ƙoƙon ƙarfe rufaffe cike da mai, wanda makanikai ke kira kwanbata. A cikinsa akwai fanka biyu suna fuskantar juna. Inji yana juya ta farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu ta juya ta. Na biyu, akwai famfo wanda ke tura mai ko'ina cikin akwatin. Inji ne ke juya wannan famfo, in inji ya tsaya shi ma ya tsaya. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Na uku, akwai haƙora: ɗaya a tsakiya, ƙanana suna kewaya shi, babban zobe kuma ya kewaye su duka. Na huɗu, akwai jerin faya-fayan kuloci da ke jiƙe cikin mai, waɗanda ƙarfin mai ke matsewa ko ya saki, ta haka giya ke canjawa.

Kun ga ke nan mai a nan ba shafa kawai yake yi ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke canja giya, shi ke sanyaya akwatin, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Don haka ne mafi yawan kukan da za mu ambata, in aka bi sawunsa, a kan mai yake tsayawa.

Akwai wani jan kunne a nan. Ba kowace mota marar takalmin kuloci ce ke da irin wannan akwati ba. Yawancin kawunan tirela na Turai, kamar Volvo mai I-Shift wanda ya fito cikin 2001, akwatinsu irin na hannu ne, da kulocinsa, sai dai kwamfuta da iska ke canja giyar a madadin direba. Mansu dabam ne da jan man otomatik. In irin wannan motar ta yi ta huci, ko ta ƙi shiga giya da safe, a fara neman inda iska ke zurarewa, gama daga tukunyar da ke ba birki iska giyar ke sha.

TAMBAYOYI UKU

Likita ba ya ba da magani sai ya tambayi majiyyaci. Haka nan in ka ji baƙon kuka, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka tambayi kanka abu uku.

Na ɗaya, yaushe ne kukan ke zuwa? Da sanyin safiya ne, ko sai mota ta yi zafi? Tana tsaye ne, ko tana tafiya? Da kaya, ko babu kaya? Na biyu, me kukan ke bi? Gudun inji yake bi, watau in ka taka totur ya ƙaru ko da mota na tsaye, ko kuwa gudun ƙafafu yake bi? Na uku, wane iri ne? Siriri ne kamar kukan sauro, ko gurnani, ko gurza, ko ƙwanƙwasa, ko kuwa bugu ɗaya mai ƙarfi?

Tambaya ta biyu ta fi sauran muhimmanci. Kukan da ke bin gudun inji daga gaban akwatin yake, wajen famfo da kwanbata. Wanda ke bin gudun ƙafafu kuwa daga bayan akwatin yake, ko ma ba a cikin akwatin yake ba sam.

A FARA DA MAI

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a duba mai. A ajiye mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a bar ta ta yi zafi. A yawancin motoci ana auna man giya ne inji yana aiki, sanda tana kan P, bayan an zagaya da ita dukan giyoyi. Wasu motocin a kan N ake auna su, wasu kuma ba su da sandar awo ko kaɗan, sai a gareji. Littafin motar shi ne alƙali.

A ɗiga man a kan farar takarda, a duba, a kuma sunsuna. Yawancin man otomatik ja ne garau in yana sabo. In ya yi duhu kaɗan, ya tsufa ne. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama, faya-fayan kuloci sun fara ƙonewa. In ya yi kumfa, iska ta shiga, ko don ya yi ƙasa, ko don an cika shi ya wuce ƙima, gama yawansa ma cuta ne. In kuwa ya zama kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga. Ruwan nan yakan fito daga lagireto, inda bututun man ke ratsawa don ya huce, ko kuwa ya shiga lokacin da aka kutsa da mota cikin kogi ko kududdufi da damina. Motar da ruwa ya shiga akwatinta ba a ci gaba da tuƙa ta.

Akwatin ya fi jin daɗin aiki in zafin mansa yana tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salshiyos. In ya haura 120 man yakan lalace da sauri. Ku tuna da zafin Minna cikin watan Maris da Afrilu, ku haɗa da lodin da ya wuce ƙa'ida, da tafiyar hawainiya a hanya mai ramuka, za ku gane dalilin da ya sa man da zai daɗe a Turai ba ya daɗewa a nan. Kada kuma a zuba kowane jan mai don an ga launinsu ɗaya. Tun da General Motors ya fito da Dexron cikin 1967 ire-iren man suka yi ta yawaita, kowace mota da nata. Araha ba ta ado.

KOWANE KUKA DA MA'ANARSA

Bari mu ɗauki misali. A ce direba ya yi lodin doya a Paiko zai kai Suleja, ya ta da mota, sai ya ji baƙon kuka. Ga yadda zai rarrabe.

Idan siririn kuka ne kamar na sauro, yana nan ko a kan P ko N ko D, yana kuma ƙaruwa in an taka totur, to famfo ne ke kuka. Sau da yawa yunwa yake ji: ko mai ya yi ƙasa, ko matatar mai ta toshe. Akan ji shi tare da jinkiri, watau ka sa D ko ribas motar ta yi jim kafin ta kama. Wannan shi ne kuka mafi arahar magani in an yi hanzari, gama ƙarin mai da toshe inda yake yoyo da sabuwar matata sukan isa. In aka bar shi kuwa, shi ke haifar da sauran.

Idan kukan ko gurzar ba ta zuwa sai an sa D ko ribas an danne birki, in an mai da sanda kan N ta ɓace, a tuhumi kwanbata. Dalili shi ne, a kan N fankokin nan biyu kusan tare suke juyawa, amma in an sa giya an danne birki, ɗaya na tsaye ɗaya na gudu, sai boris ɗin da ke tsakaninsu ya tona kansa.

Idan ƙugi ne ko gurnani da ake ji a giya ta ɗaya da ta biyu, amma ya lafa in mota ta shiga ta uku, a tuhumi haƙora. A akwati mai giya uku ko huɗu, a giya ta uku haƙoran kan kulle su juya gaba ɗaya kamar dunƙule guda, don haka suke yin shiru. Wannan kuka ba ya warkewa da canjin mai, sai an buɗe.

Idan ƙwanƙwasa ce ko ƙaras-ƙaras daga tsakanin inji da akwati, mota na tsaye ba a taka totur ba, kada a yi saurin cewa inji ya buga. Akwai wani siririn faifan ƙarfe da ke haɗa inji da kwanbata. Yakan tsage, notunansa kuma sukan kwance. An sha sauke inji lafiyayye saboda wannan faifai.

Idan bugu ɗaya ne, gau, duk lokacin da aka sa D ko ribas, a fara duba waje kafin ciki. A duba mahaɗan farfela, a duba robobin da inji da akwati ke zaune a kai, a kuma duba ko inji yana gudu fiye da kima a tsaye. Amma bugun da ake ji in an cire sanda daga P a kan gangare, laifin direba ne. P wata 'yar sakata ce ta ƙarfe, ba birki ba ce. A ja birkin hannu tukuna, nauyin mota ya zauna a kansa, sa'an nan a sa P. Wanda kuma ya sa P mota ba ta gama tsayawa ba, zai ji ƙarar sakatar tana tsalle a kan haƙora, wata rana kuwa ta karye.

Idan karkarwa ce, kamar an hau hanya mai tsakuwa alhali kuwa kwalta ce sumul, wajen gudun kilomita 60 zuwa 80, mai yiwuwa wani ɗan kuloci ne da ke cikin kwanbata yake santsi. A yawancin motoci in aka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu ba a saki totur ba, yakan saki, karkarwar ta ɗauke. In ba ta ɗauke ba, a duba inji da farfela da tayoyi.

Idan kuwa inji ne ke ihu, gudunsa ya tashi amma mota ba ta ƙara sauri ba, musamman wajen canja giya ko hawan tudu da kaya, to faya-fayan ciki santsi suke yi. Wannan ba gargaɗin farko ba ne, na ƙarshe ne. Kowace kilomita da aka ƙara, ƙarin kuɗin gyara ce.

Saura kukan da ke bin gudun ƙafafu, ko wace giya mota take. Nan ne aka fi zaluntar akwatin giya. In ƙugin yana canjawa sa'ad da aka karkata sitiyari hagu ko dama, boris ɗin ƙafa ne. In yana canjawa tsakanin taka totur da sakinsa, a duba tukunyar haƙora da ke tsakanin ƙafafun baya. In yana canjawa da irin hanyar da aka hau, taya ce. Sai an wanke waɗannan duka sa'an nan a koma kan bayan akwatin.

IN ABIN YA FARU A HANYA

Siririn kuka shi kaɗai, in mai yana daidai kuma mota na ja sosai, ana iya lallaɓawa da shi zuwa gareji mafi kusa. Amma gurzar ƙarfe, ko ƙauri, ko santsi, ko jan mai yana zuba a ƙasa, waɗannan ba su da magani sai tsayawa. Man da ya zuba a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

A kauce daga kan kwalta tun mota tana da sauran ƙarfin kaucewa. Wannan shi ne babban amfanin jin kuka da wuri: kai za ka zaɓi inda za ka tsaya. Wanda ya ƙi ji, motar ce za ta zaɓar masa, watakila a kan kwana, ko a kan gada, ko tsakiyar hawa, da tsakar dare. Duk wanda ya daɗe a hanya ya san abin da ke faruwa in bas cike da fasinja ta taho cikin duhu ta tarar da babbar mota a mace a gabanta ba fitila. A sa waigi, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku mai walƙiya nesa da bayan mota. Ganye ba ya haske da dare. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, tana da lambar kiran gaggawa, 122.

Yanzu mu koma kan famfo. Tun da inji ne ke juya shi, motar da ake ja da injinta a kashe, haƙoranta na juyawa ba mai. Saboda haka in za a ja ta da nisa, a kwance farfela, ko a ɗaga ƙafafun da ke ja, ko a ɗora ta a kan wata motar. Don wannan dalili ne kuma turi ba ya ta da irin wannan mota. Haka nan al'adar nan ta sa mota a firi a gangare don a rage shan mai, a bar ta. Tana raba direba da taimakon inji, ta bar birki shi kaɗai da nauyin kaya har ya yi zafi ya ƙi kamawa. A gangare mai tsawo ƙaramar giya ake sa wa.

GA MAKANIKAI DA MASU MOTOCI

Iyayenmu makanikai, ku shiga motar tare da direba ku ji kukan da kunnenku kafin ku yanke hukunci. Doguwar sukudireba, in an kafa bakinta a jikin akwati aka kara ƙotarta a kunne, tana nuna inda ƙara take, amma a yi nesa da fanka da fambel. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, balle inji yana aiki. In kun kwance kaskon mai na ƙasa, ku duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli ba abin damuwa ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin gari mai yawa, shi ne shaidar ɓarna, a nuna wa mai mota ya gani da idonsa. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 1996, da mafi yawan na sauran ƙasashe daga baya, suna da wurin jona na'urar bincike. Ku yi amfani da ita, gama wani bugun giyar laifin waya ne ko na'urar lantarki, ba na ƙarfe ba. Sai dai ku sani na'urar ba ta da kunne, ba za ta gaya muku boris ya ci ba. Wanda kuma bai koyi aikin wannan akwati ba, ba abin kunya ba ne ya tura mai mota wurin wanda ya koya. Abin kunya shi ne a koyi aiki a kan dukiyar mutane.

Ku kuma masu motoci, in direba ya zo ya ce ya ji baƙon kuka, kada ku ce ƙyuya ce, kada ku ce ya ƙara sawu ɗaya tukuna. Direban da aka tsawata wa don ya faɗi gaskiya, gobe shiru zai yi. Kuɗin mai da matata kaɗan ne in an gwada da kuɗin akwati, kuɗin akwati kuma kaɗan ne in an gwada da rai. Ku ajiye ɗan littafi a kowace mota, a riƙa rubuta ranar da aka canja man giya, da irin man, da kilomitar da mota ta yi.

Jama'a, kunne kayan aiki ne da Allah ya ba kowane direba kyauta. Gobe da safe, kafin ka bar tasha, ka ba motarka minti biyu: ka duba ƙasa ko akwai ɗigon mai, ka auna, ka zagaya da sanda a kan kowace giya kana danne da birki, ka saurara. Wanda ya san muryar motarsa ranar da take lafiya, shi zai gane ranar da ta canja. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, ya sa albarka cikin sana'armu.